Wandon Tela Ya Yi Masa Yawa

A layin nan duk wanda ya ce "Tela" mutum ɗaya yake nufi, ko da yake akwai wasu masu ɗinkin tsakanin shagon magani da tashar bas. Shagonsa yana saman bene, a kan kantin masu sayar da fenti, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya gada wajen kawunsa. Tun yana yaro aka zaunar da shi gaban keken nan, ya fara da ɗinka maɓalli da guga har hannunsa ya faɗa. Masu tsokana suna kiransa Dawo-Gobe, kuma ba su zalunce shi ba, don ba a taɓa karɓar ɗinki a wajensa ranar da ya faɗa ba. Amma in ka karɓa, sai ka manta da zaryar da ka sha. Wando ne gwanintarsa. Kallo ɗaya zai yi wa ƙugunka ya faɗi lambarka kafin tef ya zagayo, in ka yi musu ya yi dariya ya ce, "Ciki ba ya ƙarya, mai cikin ne yake yi."

Zaman keke ba ya rage tumbi. Shekaru suna tafiya Tela yana ƙara faɗi, shayi da burodi da safe, ɗan abin taɓawa da hantsi, da rana abin da ya samu, da yamma kuma girkin gida, ga matarsa Allah ya ba ta hannu. Ita kuwa irin mutanen nan ce da ko sa guda suka cinye ba ya nunawa, siririya tun tana budurwa, tana aikin girki a wata makarantar ƙananan yara. 'Ya'ya sun girma, kowa ya kama gabansa, gida ya rage su biyu. Da farko ƙibar abin wasa ce, abokai suna shafa cikin suna tambaya wata nawa ne. Sai gwiwar dama ta fara magana, ita ce mai taka keke, ita ce kuma mai shan wahala in ana hawa bene. Ta fara da ƙara, ta koma kumburi, har ta kai Tela yana tsayawa a tsakiyar matakala yana yin kamar duba waya yake, alhali jira yake zogin ya lafa.

Likitan ƙashi bai ɓoye masa komai ba. Gwiwa ta cinye, sai an yi aiki, amma ba zai sa masa wuƙa ba sai ya sauke nauyi, don ko an gyara ta ba za ta ɗauki wannan lodin ba. Ya ba shi rana, watanni kaɗan gaba, da sharaɗin sikeli ya yarda. In ba a yi aikin ba kuwa, benen nan da keken nan sai dai a bar wa wani. Tela bai iya komai a duniya ba sai ɗinki, kuma ya sani, shi ya sa ya fito daga ɗakin likita jikinsa a sanyaye.

Daga nan aka tura shi da matarsa wajen likitar abinci, wata matashiya mai tabarau da saurin magana. Ta yi musu bayanin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake zuba wa jiki, wanda in jiki bai ƙona shi ba sai ya ajiye shi kitse. Ta ce su sayi ɗan ƙaramin sikelin kicin, shinkafa a auna, burodi a auna, nama a auna, mai kuma da cokali. Ana cikin haka wayar matar ta yi ƙara, babbar 'yarsu ce da ke aiki a wani gari mai nisa, ta fita waje don ta amsa.

"To Baba," in ji likitar, "ga inda za ka ji daɗi. Ganye da kayan lambu ba sai ka ƙirga su ba. Kabeji, latas, kokwamba, tumatir, ci ka ƙoshi, abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Amma ban da dankali da masara da danginsu, waɗannan sahun shinkafa suke. Kuma a kula da man da ake zuba musu."

Daidai lokacin da ta zo kan "amma", takalmin Tela ya zame ƙarƙashin kujera, ya sunkuya yana lalube. Daga baya zai riƙa gaya wa kansa cewa bai ji ƙarshen maganar ba. Ya ji sarai, har da zancen man.

A gida matar ta ɗauki abin da gaske. 'Yar ta koya mata ta waya yadda za ta riƙa shigar da abin da aka auna cikin wata manhaja mai lissafa kalori, ita kuwa ta riƙe abin kamar ibada. Ranar farko ta yanka kabeji za ta ɗora a sikeli, Tela ya hana ta.

"Baban yara, ni a ganina duk abin da zai shiga ciki a auna shi. Mene ne wahalar?"

"Ai ba kya nan likita ta faɗa. Kayan lambu ba a ƙirga su. Ko kin fi ta karatu ne?"

"Ban fi ta ba. Amma abin da ba a ƙirgawa shi ne yake yawa ba a sani ba."

"Ke dai auna shinkafarki, ki bar ganye ya sha iska."

Ta bar shi, don a kan kabeji dai yana da gaskiya. Abin da ba ta bari ba shi ne ta ci wani abu daban. Ta ce ba mutunci ba ne ta cika faranti a gaban mai jin yunwa, saboda haka abin da aka auna masa shi ta riƙa auna wa kanta, wani lokaci ma ta ɗan tura masa nata naman. A makarantar da take girki ma ta daina cin rabonta na rana, sai dai ta ɗanɗana gishiri a bakin ludayi. Tela ya ce mata ba ita aka ce ta rage ba, ta ce ta ji.

A yi masa adalci, makonnin farko ya yi ƙoƙari. Yakan zo shago da 'yar roba cike da kabeji da karas, ya zauna yana tauna kamar akuya a bakin turke, cikinsa yana ƙugi har abokin ciniki ya waiwaya. Amma a ƙasan benen, gefen ƙofar kantin fenti, akwai wata mata mai soya dankali da rana, kuma ƙamshin manta ba ya da hanyar wucewa sai ta tagar Tela. Wata rana da azahar ya buɗe robarsa, ya kalli kabejin, kabejin ya kalle shi. Ya tashi ya leƙa taga.

"Mai dankali, tambaya gare ni. Dankalin nan a ina ake noma shi?"

"A lambu mana, Tela. Da a ina za a noma shi?"

"To ai shi ke nan. Zubo min leda guda, ki sa yaji."

Da ma mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Daga ranar Tela ya zama malamin kansa, yana ba kansa fatawa yana karɓa. Gasasshiyar masara kayan lambu ce. Soyayyar ayaba ma a lambu aka sare ta. Gyaɗa a gona take fitowa, amma gona ai yayar lambu ce, uwarsu ɗaya. Man da ake suya da shi kuwa ruwan gyaɗa ne kawai da aka matse. In an kawo masa salak mai ƙwai da kirim har yana ɗiga, sai ya duba ya ga latas ya fi yawa, ya ce hukunci na masu rinjaye ne.

Sai dai abin da mutum ya halatta wa kansa da gaske ba ya ɓoye shi. In ya gama ci yakan wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya cusa ledar a ƙasan kwandon ƙyallaye, ya tauna kokwamba don bakinsa ya yi warin gaskiya. Da yamma matar ta tare shi da waya a hannu.

"Me ka ci a shago, in shigar?"

"Kayan lambu ne kawai."

"Sannu da ƙoƙari, Baban yara. Allah ya ba ka lada."

Wannan sannun ita ce take ƙona shi. Da ƙarya ya yi mata tsagwaronta, da ya san sunan abin da ya yi. Sai ya zauna su ci ɗan abin da ta auna, yana kallon farantinta ta gefen ido, kunya tana cinsa, gobe kuma ƙamshi ya shigo ta taga ya sake leƙawa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da aka kwana biyu matar ta fara ƙura masa ido, har wata safiya ta kasa haƙuri.

"Ni fa ban ga ka faɗa ba. Ko ni ce ban iya awon ba? Ka biya shagon magani ka hau sikelinsu mana."

"Sikelin da yara suke tsalle a kai? Wannan ko buhun auduga aka ɗora masa cewa zai yi ƙarfe ne. Ni tef na sani, kuma tef ya ce ana tafiya."

Ya ga damuwa a fuskarta, kuma kanta take zargi ba shi ba. Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya. Maimakon haka ya hau shago, ya ja ƙofa ya sa sakata, ya tuɓe wandonsa ya zauna da gajere. Ɗabi'arsa ce tun yana koyo ya bar ragowar yadi a cikin ɗinkin bayan wando, saboda mai kaya in ya yi ƙiba a buɗa masa. Ya ɗauki reza ya farke ɗinkin, ya saki yadin, ya mayar, ya bi da guga har sawun allura ya ɓace. Aikin ya yi kyau, don hannunsa bai iya mummunan aiki ba ko a kan abin kunya.

Da yamma ya shiga gida yana riƙe da ƙugun wando. Matar ta zura hannu tsakanin wandon da cikinsa, ya shige har wuyan hannu. Ta zauna a bakin kujera tana dariya, idonta ya kawo ruwa, nan take ta kira 'yar ta ce, "Wandon babanki zubewa yake." Tela yana tsaye yana murmushi, yana jin muryar 'yarsa tana yi masa kirari ta waya, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa jin ya raina kansa irin na ranar ba.

Wanda ya fara haƙa rami kuwa sai ya ci gaba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kai sauran wandunan shago da sunan zai gyara aljihu. Da ragowar yadi ta ƙare, ya nemo ƙyalle mai kala ɗaya ya yi ƙari a inda ido ba ya kaiwa. Bel ya so ya tona masa asiri, don ramin da yake sawa bai matsa ba, sai ya sayo irinsa mai tsawo, ya goga shi a bakin tebur har ya tsufa. Ranakun da aka ce ya je asibiti a duba nauyi kuwa, kullum sai su faɗo daidai lokacin da ɗinkin kayan makaranta ya yi masa yawa. Dawo-Gobe dai ko asibiti bai ƙyale ba. A ransa yana cewa daga mako mai zuwa zai kama bakinsa da gaske, ya cike giɓin kafin ranar, ba wanda zai sani.

Mako mai zuwan bai zo ba sai da 'yar ta iso. Ta haɗa hutunta na shekara gaba ɗaya don ta yi jinyarsa, ta zo da sandunan dogarawa sababbi a leda, ta sa aka fito da gado falo saboda ya fi kusa da banɗaki. Kwanakin da suka rage Tela ya daina leƙa taga, ya koma ruwa da kokwamba kamar mai tuba, har jiri yana ɗibarsa a kan keke. Amma ba a kiwon akuya ranar kasuwa, kuma abin da aka tara a watanni ba ya zubewa a kwana uku.

Ranar awo suka tafi su uku, matar da jakar kayan kwanciya a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya hau sikeli. Ta duba, ta duba katinsa, ta ce ya sauka ya cire takalmi ya sake hawa. Ya cire har da agogo. Lambar ba ta ji tausayinsa ba, ta ma ɗara wadda aka rubuta ranar farko. Aka kira likitar abinci, ta zo tana gyara tabarau.

"Mama, ana auna abincin kuwa?"

"Wallahi 'yar nan ko ƙwayar shinkafa ban bari ta wuce ba," in ji matar, tana miƙa mata waya. "Duba ki gani. In kuskure na yi ki gaya min."

Likitar ta duba, ta ce babu kuskure. Ta juyo wajen Tela.

"Baba, da rana a wajen aiki me kake ci?"

"Kayan lambu."

"Wane iri?"

Ya kalli yatsun ƙafarsa. Ya ce dankali. Ta ce dafaffe? Ya ce soyayye. Ta jira, shi kuma ya ci gaba da kansa, masara, ayaba, gyaɗa, kamar mai kwance kaya a shingen bincike. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, a hankali, kabeji ne aka yafe wa awo saboda ba shi da nauyi, ba duk abin da ya taɓa kwana a lambu ba.

"Amma ai ya rame," 'yar ta katse ta, ranta a ɓace. "Sikelinku ne ba daidai ba. Ki dubi wandonsa, da hannu yake riƙe shi."

Likitar ta dubi wandon, ta dubi cikin da ke samansa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

Matarsa ce ta amsa, can ƙasa-ƙasa, idonta a kan ƙugun wandon.

"Tela ne."

Ma'aikaciyar jinyar ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Likitan ƙashi da aka kai masa katin bai ɓata lokaci ba, ya ce an ɗaga aikin, ranar za a ba wani da ke jira, su dawo in sikeli ya sauka. Suka fito da jakar kayan kwanciyar kamar yadda suka shiga da ita.

'Yar ta koma bakin aikinta kafin hutun ya ƙare. Da za ta tafi ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ce, "Baba, da ka ce min ka kasa, da na zo na taya ka. Ai ba a jin kunyar 'ya a kan ciwo." Matar kuwa ba ta yi masa gori ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da awo da girki. Sannun nan ce kawai ta daina yi masa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, yana zaune a shago ya ji ana hawo bene a hankali. Matarsa ce, wadda rabonta da shagon tun yara suna ƙanana, da ƙullin kaya a hannu. Ta tsaya a ƙofa tana mayar da numfashi, sannan ta ajiye ƙullin a kan teburin yanka.

"Rigunana ne na aiki. A rage min, suna kama min hannun tukunya."

"To ajiye. Ai na san awonki da ka."

"Gwada dai."

Ya tashi da ƙyar, ya zagaya tef a ƙugunta. Yatsansa ya tsaya a inda ya saba tsayawa shekara da shekaru, tef ya yi sako-sako. Ya ja, ya ƙara ja. Matar da da ma ba ta da abin ragewa, ita ce ta sauke abin da aka ce shi ya sauke. Sai a lokacin ya ga ramin wuyanta, ya ga zoben da ta naɗa wa zare don kada ya faɗi. Watannin nan duk kansa yake kallo da wandonsa, bai dube ta ba.

"Maman yara," ya ce, "ki yafe min."

"Na yafe. Amma gobe kabejin ma sai na auna shi, kuma a nan zan kawo maka da kaina in na tashi aiki." Ta dubi ƙofa. "Rufe shagon mu tafi, na ga ƙafar ta kumbura."

Ya rufe. A bakin matakala gwiwar ta ƙi, ya tsaya yana riƙe da bango. Ta sauka taki ɗaya ta juyo masa da kafaɗa.

"Dafa ni."

Ya ɗora hannu, ya ji ƙashi a tafinsa. In ya saki nauyinsa a kanta zai iya kayar da ita, in bai dafa ba kuma ba zai sauka ba. Ya tsaya a haka, hawaye yana bin gefen hancinsa.

"Dafa mana, Baban yara," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Duhu zai same mu a nan."

Ya dafa rabi, ya bar wa gwiwar rabi, suka fara sauka a hankali.